Shekarar da Na Koma Raɗa

Ku 'ya'yana, kun taso kun tarar ana kirana Fasa-Kunne, har jikokina na faɗa a gabana ba ko kunya, suna zaton sunan yanka ne. Kowa a gidan nan ya san labarin yadda ake ba da shi: wai ranar da aka haifi Mariyama a Sabha na yi mata kiran salla a kunnen dama da muryar da ta kashe kunnen nan take. An faɗa a Libiya, an faɗa a Agadas, an faɗa a nan Damagaram, kuma ban taɓa musawa ba. Yanzu da gwiwoyi suka ƙi kai ni ko'ina, zan gaya muku yadda abin ya kasance. Sani, kai musamman, zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka ce komai.

Murya dai ina da ita, wannan ba na jayayya. Lokacin muna unguwar Hajara a Sabha ina aikin gini, kuma Balaraben da muke kira mudir bai riƙe ni don na fi kowa iya jera bulo ba. Ya riƙe ni ne don ina tsaye a ƙasa zan yi wa mutumin da ke can ƙololuwar bene magana ya ji kamar a kafaɗarsa nake. A ƙaramin masallacin kwano da mu leburori muka kafa a bayan kasuwa ni ne ladan, don wuta ba ta zama, lasifika kuwa sai da wuta. Ni ba na buƙatar wuta. Muna zaune a ɗaki biyu, ni da uwarku Rabi da Sani, yana ɗan shekara biyu, yayarku Zuwaira kuwa mun bar ta gida wurin kakarta. Tsakar gidan ba namu ba ne, na Gwaggo Indo ne, ƙanwar mahaifin Rabi, wadda ta riga mu zuwa Sabha da daɗewa tana sayar wa 'yan Nijar tuwo da miyar kuka. Gwaggo mace ce mai alheri, amma ba ta yarda abu na faruwa haka kawai ba. Ko tukunya ce ta fashe da kanta, sai ta nemo wanda ya kalle ta.

Sai kuma Laminu, mutumin Kano mai gyaran waya a bakin titi, wanda duk unguwa ta ɗauka shi ne gwanin Larabci. Daga baya na gano Larabcinsa bai wuce na ciniki da gaisuwa ba. Sauran sai ya duba fuskarka, ya ga abin da kake son ji, ya ce shi aka faɗa.

Da naƙuda ta zo muka tafi asibiti da shi. Mariyama ta zo 'yar mitsitsiya, idanu rawaya, da ɗige-ɗige a jiki kamar an yayyafa mata jan barkono. Da aka miƙo mini ita sai tsoro da murna suka haɗu mini a ƙirji, na kai baki kunnenta na dama na fara kiran salla. Gaskiya ita ce na manta a ɗaki nake. Duk jariran da ke barci suka tashi a tare. Wata mai goge-goge ta saki bokiti. Wani dattijo a baranda ya shimfiɗa rawaninsa ya ta da kabbara, ga shi ko azahar ba ta yi ba. Sai ga lokotoro, wato likita, ta shigo da sauri, wata gajeriyar Balarabiya mai tabarau, ta dube ni, ta dubi jaririya, ta buɗe idon yarinyar, ta taɓa cikinta, ta yi magana mai tsawo.

"Me ta ce, Laminu?"

"Ta ce barka."

"Duk wannan maganar barka ce kawai?"

"Haka Larabci yake, Isufu. Yana da tsawo."

Sun riƙe Mariyama 'yan kwanaki a ƙarƙashin wata fitila, suka ɗebi fitsarinta a ɗan kwalba. Ranar sallama lokotoron ta sake tsayar da mu, ta yi magana a hankali tana kama kunnuwanta biyu tana jijjigawa, tana nuna jaririya, tana nuna ƙofar ofishinta. Na juya wurin Laminu.

"Ta ce a huda mata kunne da wuri," in ji shi. "Wai 'yan kunne za su yi mata kyau."

Muka yi godiya. A makon aka huda.

Sai da Mariyama ta fara tafiya muka lura. In Rabi ta kira ta daga dama, sai ta juya hagu, ta yi ta kewayawa kamar ɗan akuyan da aka ɗaure a turke har ta gano inda uwarta take. In ta kwanta a kan kunnen hagu kuwa, Gwaggo za ta yi daka a gefenta turmi na girgiza ƙasa, yarinya ko motsi. Wata rana da rana tsaka, tsakar gida cike da leburori kowa da kwanonsa, Gwaggo ta ɗauki murfin tukunya da ludayi ta lallaɓa bayan yarinyar. Ta buga ta hagu, Mariyama ta zabura ta fashe da kuka. Da ta yi shiru, Gwaggo ta toshe kunnen hagun da yatsa ta buga ta dama. Yarinya na wasa da takalmi. Gwaggo ta ajiye murfi, ta gyara ɗaurin zane, ta juyo gare ni.

"Isufu, a wane kunne ka yi mata kiran salla?"

"Na dama, Gwaggo, kamar yadda ake yi."

"Na hagun fa?"

"Iƙama na yi."

"To, shi ya sa ya tsira. Kafin ka kai can numfashinka ya ƙare."

Mutane suka yi dariya har wani ya shaƙe da tuwo. Ni ban yi ba. Na tuna bokitin da ya faɗi, na tuna jariran nan. Kafin la'asar suna ya kama ni.

Daga ranar na ɗaure muryata. Na koma raɗa, a gida da waje. A wurin aiki sai in tsaya a ƙasa in ce a turo igiya, na sama ya ga bakina na motsi ya zubo mini yashi. Mudir ya yi haƙuri har ya gaji, ya tambaya ko maƙogwaro ne, ya kawo mini zuma daga gidansa. Da zuma ba ta yi ba ya mai da ni wurin kwaɓa siminti, inda ba a buƙatar magana. Ladanci na bar wa wani tsoho mutumin Tawa, wanda muryarsa ba ta ƙetare bakin ƙofa, har mutane suka koma duba inuwa don sanin lokaci. Mai taksi ya sha wuce da ni unguwarmu ina ta cewa a tsaya ba wanda ya ji. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne uwarku. Ba ta taɓa cewa ni ne ba, ko sau ɗaya. Amma in na yi sallama zan shiga ɗaki, sai in ga hannunta ya tafi da kansa ya rufe kunnen Mariyama na hagu. Ina jin ita kanta ba ta san tana yi ba.

Ana haka Gwaggo ta yanke hukunci. Ta ce ta yi magana da wani direba, Rabi da yara za su bi shi zuwa Agadas, daga nan gida.

"Ka zauna ka yi aikinka," in ji ta. "Su tafi tun kafin ka ƙarasa na hagun."

Rabi ta sunkuyar da kai ba ta ce a'a ba. A nan na ga in ban motsa ba za a kwashe mini iyali a ƙetare sahara da su saboda maƙogwarona. Na daɗe ina gudun asibiti don takarduna sun mutu, kuma akwai shingen 'yan sanda a hanya. Amma na ce gara a kama ni. Na ce wa Gwaggo ta ba ni dama in kai yarinyar wurin lokotoro tukuna, in ta ce ni ne, su tafi. Laminu ya sa hula zai raka mu, na ce ya zauna ya kula da shagonsa. Ya yi fushi, ya ce in mun ɓata a cikin Larabci kada mu neme shi.

Allah ya rufa asiri, a shinge ɗan sandan ya leƙo ya ga mace da yara biyu ya ɗaga hannu. A asibiti muka samu lokotoron nan mai tabarau. Na gaishe ta da raɗa, ta amsa ba ta ɗago kai ba. Sai Sani ya zame daga hannun uwarsa ya nufi wani tire cike da almakasai da allurai. Ban san lokacin da muryar ta kuɓuce mini ba.

"SANI!"

Tagogi suka yi ƙara. Lokotoro ta ɗago, ta zare tabarau, ta nuna ni da su.

"Mu'azzin!" ta ce. Wannan ko ba Laminu na gane.

Ta tuna mu sarai. Ta sa aka gwada kunnuwan Mariyama da wata na'ura, sannan ta shiga faɗa da Larabci tana buga tebur. Mariyama ta tsorata ta ɓarke da kuka, Rabi ta ɗauke ta ta ja Sani suka fita baranda. Lokotoro ta ga ba na fahimtar komai sai gyaɗa kai, ta aika aka kira wata ma'aikaciyar jinya, Buzuwa 'yar Gat, mai jin Hausar kasuwa.

"Duktura ya ce, me ya sa ba ka dawo? Ya ce maka kawo yarinya, a duba kunne, a duba kunne. Kai ka tafi ka sa mata ɗan kunne."

Na fara tunanin abin da zan yi wa Laminu. Sannan na yi tambayar da ta kawo ni, na ce ko muryata ce ta kashe kunnen. Buzuwar ta dube ni, ta juya ta fassara. Lokotoro ta yi dariya har ta dafa bango.

"Ya ce murya naka babba ne, gaskiya. Amma bai kai ba. Yarinya ya zo da abin daga ciki."

Buzuwar ta yi mini bayani a hankali. Fitsarin da suka ɗiba tun farko ya nuna wata ƙwayar cuta mai dogon suna, da likitoci ke taƙaitawa su ce Si-Em-Bi. Ta ce mafi yawan manya na ɗauke da ita a jiki ba su sani ba, ta shiga tun tuni ta kwanta ba ta yi musu komai ba. Ta nuna ni, ta nuna kanta, ta nuna lokotoro, ta ce da wuya a cikinmu ukun a samu wanda ba shi da ita. Amma in ta kama mace mai ciki, takan ƙetara wurin ɗan tayi. Na ce to wannan ai masifa ce da ba a taɓa gani ba, ta zaɓo 'yata a duk duniya.

"A'a, ba zaɓe," in ji ta. "Inda ake ƙirga, jariri ɗari biyu, kamar ɗaya yana zuwa da shi. Ƙasashe irin namu ya fi haka. Mafi yawa lafiya lau, ba a sani ma. Kaɗan ne yake taɓa, sau da yawa kunne."

Na tuna duk bukukuwan sunan da na je na ci shinkafa tun ina yaro, na Damagaram da na Sabha, na ga lalle na sha yi wa masu ita barka ban sani ba. Na ce to me ya sa ban taɓa jin sunanta ba?

"Don shi ba ya ihu kamar kai."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Har na fara shirya yadda zan shiga gidan Gwaggo in faɗi wannan labari da cikakkiyar murya, a ji har Wadi Bawanis, can nesa da gari. Sai rashin haƙuri ya sa na ƙara tambaya ɗaya. Na ce ita Rabi a ina ta samo ta?

"Ba mai iya rantsuwa. Amma yawanci ƙananan yara. Miyau, majina, fitsari. Uwa ya share hanci, ya sumbaci baki, ya ci sauran abinci na yaro. Ba laifi na kowa. Kowane uwa haka yake yi."

Ƙofa a buɗe take. Na hango Rabi a kan benci tana jijjiga Mariyama, Sani na tsaye tsakanin gwiwoyinta. Ya ciro dabino daga bakinsa, wanda ya tsotse rabi, yana ta dalala, ya tura mata a baki. Ta karɓa ta cinye tana yi masa murmushi. Haka suke tun tana da cikin Mariyama. Duk abin da ya shiga bakinka, Sani, sai ka raba da uwarka, kuma kai a lokacin hancinka bai taɓa bushewa ba.

Buzuwa ta ce ba laifin kowa, kuma gaskiya ta faɗa. Amma ita ba ta san Gwaggo Indo ba. In na ce ƙwayar cuta ce, Gwaggo za ta ce wa ya kawo ta, kuma ba za ta huta ba sai ta ji. Daga nan sunan da aka laƙa mini zai tashi ya sauka a kan yaron da bai gama koyon magana ba, ya girma ana nuna shi ana cewa ga wanda ya kurmantar da ƙanwarsa. Rabi kuwa na san ta, ba za ta ce komai ba, za ta zauna ta cinye kanta a hankali. Ni kuma sunan ya riga ya zauna mini, har na fara amsawa.

Lokotoro ta ce kunnen dama ya tafi, ko da mun dawo da wuri ba tabbas a cece shi. Na hagu lafiyarsa lau, amma cutar takan dawo ta taɓa ɗayan daga baya, don haka a riƙa kawo yarinyar gwaji a kai a kai har ta yi wayo. Ta ce in Rabi ta sake samun ciki ta yawaita wanke hannu da sabulu, ta bar cin ragowar yara.

Muka iso gida lokacin cin abinci, tsakar gida maƙil. Gwaggo na tsaye da marar kwasar tuwo a hannu. Laminu ma ya rufe shago ya zo.

"To, me ta ce?"

Na dubi Rabi, na dubi Sani da ya riga ya tsoma hannu a kwanon wani. Na yi gyaran murya, a hankali.

"Ta ce a riƙa kai yarinyar gwaji, don haka tafiya gida ba ta taso ba."

"Ban tambaye ka wannan ba. Me ya kashe kunnen?"

"Ta ce in rage murya, Gwaggo."

Gwaggo ta ɗaga mara sama ta juya ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, kamar wadda alƙali ya ba gaskiya. Ranar ce ta fara sa mini tsoka biyu a miya tun da na auri 'yar wanta. Laminu ya girgiza kai.

"Ka ga wahalar banza," in ji shi. "Da ka tafi da ni, abin da zan fassara maka ke nan."

Haka muka ƙara shekaru a Sabha muna kai Mariyama gwaji, kuma Allah ya bar mata na hagun, da shi take jin duk gulmar garin nan har yau. Da uwarku ta samu cikin Bashir na kafa dokar sabulu da hana cin ragowar yara, na ce tsarin Larabawa ne ya burge ni. Gwaggo ta ce na yi zama da mudir har na fara tsirfa. Muryata ta dawo kaɗan-kaɗan a wurin aiki, amma ladanci bai dawo ba, ba wanda ya sake nema na. Direbobi suka kai sunana gida tun kafin in iso. Har yau in na shiga gidan suna na yi sallama, sai ka ga mata sun yi ɗaki da jariri. 'Ya'yana na baya duk liman aka kira ya yi musu kiran salla, ina tsaye a waje kamar baƙo. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna.

Bayan rasuwar Gwaggo, Allah ya jiƙanta, na ga lokaci ya yi da zan gaya wa uwarku. Na daɗe ina shirya kalmomi. Na same ta da hantsi a gindin dalbejiya tana ɓarar gyaɗa, na zauna, na fara tun daga lokotoro mai tabarau har dabino. Na yi tsammanin kuka, har na zo da ƙyalle a aljihu. Hannunta bai tsaya da ɓara ba.

"Na sani, Malam."

"Kin san me?"

"Duka. Da ka fita neman taksi Buzuwar ta same ni a baranda ta gaya mini. Ta ce maza ba sa isar da saƙo daidai."

Na ce to ta ji ni na tsaya gaban mutane na ɗauki abin da ba nawa ba, ta yi shiru duk shekarun nan?

"Na yi kukana a bayan ɗaki kwana da kwanaki, ba ka gani ba. In na dubi Sani sai in kasa haɗiye abinci. Da na ji abin da ka ce wa Gwaggo, na san don wa ka faɗa. Kyauta ce ka ba ni, ban ga dalilin mayar maka ba."

Idona ya cika, na ciro ƙyallen da na kawo mata na yi amfani da shi. Ta bar ni na gama, ta hure ɓawon gyaɗa daga tafin hannunta.

"Kuma gidan ya yi daɗin zama, Malam. Tun da na aure ka ban san akwai tsuntsaye a Sabha ba sai shekarar da ka koma raɗa."

To kun ji. Sani, ba ka yi komai ba sai son uwarka da abin da ke bakinka. Mariyama, ba wanda ya fasa miki kunne, abu ne da ke zuwa wa jarirai da yawa fiye da yadda mutane suka sani, kuma ke ya tsaya miki a ɗaya. Ku mata masu ciki a gidan nan, sabulu na nan a bakin randa. Uwarku ce ta ce in rubuta muku wannan tun muna da rai, amma da sharaɗi ɗaya: kowa ya karanta da idonsa, kada in ce zan karanta muku da kaina.